Zare: An ɗauke ka aiki ba ka iya ba, to sai yaya?

1/ Zaren yana da tsawo, wanda datarsa ke lilo ya ajiye ya dawo 🧵

Kwana biyu ana ta cacar baki a kan tallan aikin da ke cewa "sai mai gogewar shekara uku", alhali kujerar ta sabon shiga ce. Mun yi dariya, mun yi tsaki. Amma akwai rabin maganar da ba a taɓa ba.

2/ A ce an ɗauke ka. Ba doguwar CV, ba komai, an ce ga kujera, fara gobe. Me ke sa wani ya zauna daram, wani kuma wata biyu kacal a ce masa "ɗan je ka huta, za mu neme ka"? Kun dai san irin wannan neman 😂

3/ Ra'ayina: ba kasafai rashin sani ke korar sabon shiga ba. Wanda ya ɗauke ka ai ya san ba ka sani ba, da idonsa ya gan ka. Ɓoye rashin sanin ne ke kora. Bari in gaya muku inda na samo wannan ra'ayin.

4/ Ni ɗan Garu ne, a ƙaramar hukumar Illela, jihar Sakkwato. Ga waɗanda ba su san wajen ba: ka baro Sakkwato, ka wuce Kware da Gwadabawa, sai Illela. Ka ƙara gaba kaɗan ka taka Nijar, ga Ƙwanni nan. Kasuwarmu Lahadi take ci, tasu Laraba. Ina karatu a Danfodiyo, yanzu ajin ƙarshe.

5/ Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ASUU ta shiga yajin aiki. Ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Yajin ya faɗo daidai kakar albasa, sai kawuna ya kai ni wurin wani Alhaji mai lodin albasa zuwa Kudu, wanda akawunsa ya tsufa, ido ya fara ba shi matsala.

6/ Tun kafin wani ya rubuto min a ƙasa: e, hanya ce ta kai ni. Kawu ne ya buɗe ƙofar. Ban zo in yi muku ƙaryar "ƙoƙarina ne kaɗai" ba. Sai dai a kasuwa hanya shigar da kai kawai take yi. Ranar da lissafin Alhaji ya ɓace, ko ɗan cikinsa ne kai sai ka tashi daga kan bencin nan.

7/ Aikin a baki sauƙi gare shi: rubuta abin da ya shigo, rubuta abin da ya fita. A aikace kuwa, tirela ɗaya kan ɗauki kayan mutum biyar ko shida, kowa da alamarsa ta fenti a jikin buhu. Ga kuɗin dako, ga la'adar dillali, ga kuɗin mota, ga na hanya, ga wanda ya karɓi kafin alƙalami tun albasar tana gona.

8/ Sai kayan sun isa Mile 12 a Legas ko Onitsha an sayar, kuɗi su dawo dunƙule, sannan a raba wa kowa nasa. Idan ka rubuta buhu ɗaya a gefen da ba nasa ba, wani manomi ne ka cire wa abincin gidansa, kuma ba zai san daga ina ɓarnar ta fito ba.

9/ Ga wani tarko da ba a koyarwa a aji. Mutanen Nijar ba sa ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala suke ƙirgawa. Dala ɗaya sefa 5 ce. In Baƙwanne ya ce maka "dala ashirin", sefa 100 yake nufi. "Dala ɗari" sefa 500. "Jika guda" sefa 1,000.

10/ Su kuma tsofaffin 'yan kasuwarmu na wannan gefen, in suka ce "jaka", wani lokacin naira 200 suke nufi, lissafin zamanin fam da ya maƙale a bakinsu. Kalma kusan ɗaya, kuɗi biyu, a rumfa ɗaya, cikin hayaniyar Lahadi. Ka zo da A ɗinka na lissafi ka gani 😂

11/ Ranar farko da na ji "dala" na tsayar da biro, na ce wa tsohon akawun: "Malam, ban gane wannan ƙirgar ba, a yi min ita a hankali." Ya kalle ni ta saman gilashi, ya ɗauko tsakuwa ya jera min a ƙasa. Minti biyar. An gama.

12/ Minti biyar ɗin nan nake so ku riƙe. Da na gyaɗa kai na ce "na gane" don kada a raina ɗan jami'a, da sai an yi makonni kafin a gano lambobin sun karkace, lokacin kuwa an riga an biya mutane. Kunyar minti biyar ce ke sayen wannan.

13/ Da yamma na ji Alhaji yana ce wa kawu: "Wanga yaro shina da kunne." Bai ce ina da ilimi ba, bai tambayi me nake karanta ba, har yau ma ban tabbata ya riƙe sunan kwas ɗina ba. Kunne ya gani.

14/ Amma tambaya ita ma tana da ladabinta, kuma nan ne da yawa ke zamewa. Ba a tambayar maigida komai. In ka tare Alhaji sau goma a wuni, ka zama ƙarin aiki, alhali rage masa aiki aka kawo ka yi.

15/ Yawancin abin da na koya a bakin 'yan dako na koye shi. Su ke sanin buhun da aka cika da gaske da wanda aka yi wa ƙawa a baki, manya a sama, ƙanana a ciki. Su ke sanin albasar da ta sha ruwa ana gab da cire ta, wadda ba za ta kai Legas lafiya ba. Ɗaga buhu kawai za su yi su gaya maka.

16/ Shugabansu, dattijo ne, Baba nake ce masa. Kofin shayi da burodi da safe, da gaisuwa ta mutunci, shi ne duk kuɗin makarantar da na biya. Ɗalibai da yawa in sun je wuri manaja kawai suke gani. Masinja, maigadi, direba, mai shara, duk sun zama bango. Alhali su suka fi kowa daɗewa a wurin.

17/ Sannan abu ɗaya ba a tambayarsa sau uku. Na ware bayan littafina, duk abin da aka gaya min sai in rubuta a daren: alamar wane jan fenti ce mai gicciye, wane ba ya karɓar tiransifa, direban wane sai an kira shi bayan Asuba. Mutane na haƙuri da wanda bai sani ba. Wanda aka gaya wa jiya ya dawo yau, shi ne ke ƙure su.

18/ Kuma ba a tambaya a gaban abokin ciniki. In manomi na tsaye yana jiran kuɗinsa ya ji akawu na cewa "wai nawa ne ma?", hankalinsa ya tashi ke nan. Abin da nake cewa: "Baba, ba ni zuwa La'asar in tabbatar." In La'asar ta yi kuwa, ko ban gama ba, ni zan neme shi in gaya masa inda aka tsaya.

19/ Yanzu bari in taɓo mu 'yan boko, don mu ma muna da ciwonmu.

Akwai wani ɗan'uwa, ya gama digiri har ya yi bautar ƙasa, aka ɗauke shi a wata rumfa kusa da tamu. Ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Makon farko ya zo da kwamfuta ya ce littafin tsohon akawunsu shirme ne, komai zai koma Excel.

20/ Littafin da ajami aka rubuta shi, da 'yan ɗige-ɗige da zane a gefen sunaye. Shi ya ɗauka ƙazantar biro ce, ya kwashe lambobi ya bar ɗigon. Ashe ɗigo biyu na nufin "wannan yana da tsohon bashi, a cire kafin a ba shi". Aka biya mutane cif-cif, bashi ya bi ruwa. Bai kai ƙarshen kaka ba.

21/ Excel ba ta yi laifi ba. Ni ma yanzu a waya nake ajiye lissafin. Sai da na yi wata uku ina bin littafin Malam yadda yake, na san dalilin kowane zane, sannan na fara kwafa a waya a gefe, littafi na tafiya, waya na tafiya. Da lambobin suka yi ta haɗuwa mako bayan mako, Alhaji da kansa ya ce a ci gaba da na wayar.

22/ In ka tarar da tsari a wuri, ko ya yi maka kama da hauka, akwai ranar da wani ya yi asara kafin a kafa shi. Nemi labarin asarar tukuna.

23/ To amma kada a ɗauka ina cewa sabon shiga ya naɗe hannu ya zama ɗan amshin Shata. A'a. Akwai dalilin da ya sa nake ganin zamaninmu ya fi kowane ba sabon shiga dama, kuma garin iyaka ne ya nuna min shi ƙarara.

24/ Ku duba abin da ya faɗa wa Illela cikin 'yan shekarun nan. Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai 16 ga Disamba 2020 aka buɗe guda huɗu: Seme, Mfum, Maigatari da tamu ta Illela.

25/ Farkon 2023 canjin takardun naira 200, 500 da 1,000 ya ƙafar da tsabar kuɗi. 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi tsalle. 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Bazoum, ECOWAS ta sa takunkumi, boda ta sake rufuwa, tireloli suka yi layi da kaya a kai. Sai Maris 2024 Tinubu ya ba da umarnin buɗewa.

26/ Jikar sefa da a 2022 take wasa a wajen naira dubu, a 2024 ta haura dubu biyu. 2025 kuma ana shirin babbar Sallah Nijar ta hana fitar da dabbobi, 'yan kara suka ji a jikinsu.

Duk wannan cikin shekara shida.

27/ Mutumin da ya yi shekara talatin a kasuwar nan, wani ɓangare na saninsa bai motsa ba: ya san mutane, ya san wa ke cika alkawari, ya san albasa. Wani ɓangaren kuwa, na yadda kuɗi ke tafiya da ta inda kaya ke bi, sau nawa ana goge shi ana sake rubutawa. A wannan ɓangaren shi da kai duk 'yan aji ɗaya ne.

28/ Lokacin ƙarancin kuɗin 2023 na gan shi da idona. An koma makaranta, amma duk ƙarshen mako ina gida. Dattawan da ba su taɓa yarda da kuɗin da ba su lissafa da yatsa ba, dole ta sa su karɓar tiransifa. 'Yan damfara kuwa suka samu kasuwa: alat na bogi, hoton rasit na bogi.

29/ Na ce wa Alhaji: "Baba Alhaji, saƙon tes ba shaida ba ne, hoton rasit ma haka. Kada buhu ya hau mota sai mun buɗe manhajar banki mun ga kuɗin sun zauna." Wani lokacin sabis ya ɗauke, mai saye na huci, mota na jira. Alhaji ya tsaya a kan maganar. Maƙwabtanmu biyu an yi musu, mu Allah Ya tsare.

30/ Me ya sa ya saurare ni? Don shekara guda kafin nan ya ga ina cewa "ban sani ba" a inda ban sani ba. Shi ya sa ranar da na ce "wannan na sani", maganar ta yi nauyi. Wanda kullum ya san komai, ranar da ya san wani abu da gaske ba mai bambancewa.

31/ Sai maganar amana, a gajarce don kowa ya san ta, aikatawa ce wuya. Kuɗin maigida da naka kada su kwana a aljihu ɗaya ko asusu ɗaya. "Bari in ari ɗari biyar in sa data, gobe in mayar": daga nan ake farawa. Ni ko canjin naira hamsin ne sai na rubuta, kuma ba na ƙirga kuɗi sai da mutum na biyu a zaune.

32/ Wasu za su ce tsoro ne. E, tsoro ne. Sabon shiga ba shi da tarihin da zai kare shi. In kuɗi suka yi ƙafa, tsohon ma'aikaci shekarunsa za su yi masa shaida, kai kuwa littafinka kawai gare ka.

33/ Masu son misalin manya: Sardauna Ahmadu Bello ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka ba shi hakimcin Rabah yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Daga allo da alli zuwa haraji da shari'ar gonaki. Ɗan gidan sarauta ne, ban musa ba, na riga na faɗi matsayina a kan hanya. Amma 'ya'yan sarauta nawa aka naɗa aka manta da su?

34/ Gowon yana da shekara 31 ya zama shugaban ƙasa a 1966, bai taɓa riƙe ko ma'aikata ɗaya ba. A 1967 ya jawo Awolowo, wanda ya kusa haifarsa, ya damƙa masa ma'aikatar kuɗi, ya kuma jingina da manyan sakatarorin gwamnati. Ka so mulkinsa ko kada ka so, wannan lissafin na wanda ya san iyakar saninsa ne.

35/ Ba ina cewa gogewa banza ce ba fa. Akwai aikin da ba a koyonsa a kan rayukan mutane. Ba zan hau tirelar da direbanta ya ce min "ina da kunne" ba 😂 Haka allura, haka wayar lantarki. Wanda aka tura irin wannan wurin bai shirya ba, ƙin karɓa shi ne mutunci. Maganata a kan ayyukan da yawancinmu za mu fara da su ce: shago, ofis, POS, koyarwa, ƙungiya.

36/ Wani abin haushi kuma, mu da kanmu muke zubar da 'yar gogewar da aka tanadar mana. SIWES tun shekarun 1970 ITF ta kawo shi don ɗalibi ya taɓa aiki kafin ya gama. Mu kuwa nawa ne a cikinmu ke neman inda za a buga musu hatimi a littafi su koma gida su kwanta wata shida? Bayan shekara biyu a zo nan ana kukan "ina zan samo gogewa".

37/ Kuma ku daina raina abin da kuka riga kuka yi. 'Yar'uwa, kin riƙe shagon POS na yayanki hutu uku, kin san yadda ake bin kuɗin da suka maƙale, kin san yadda ake lallashin wanda aka cire wa kuɗi bai samu ba. Kin riƙe adashin unguwa ba a taɓa jin kanku ba. Sai a tambaye ki a intabiyu ki sunkuyar da kai ki ce ba ki taɓa aiki ba. Haba dai.

38/ Iyayen gida ma ga naku. In kun ɗauki yaro kun san sabo ne, ku haɗa shi da wanda zai nuna masa, kada ku jefa shi ruwa ku koma gefe kuna kallo. Yaron da aka yi wa tsawa a gaban jama'a don ya yi tambaya, daga ranar ya koyi yin shiru, kuma kuɗinku ne za su biya shirun.

39/ Sannan "koyo kake yi" ba lasisin aikin banza ba ne. Ni tun ranar farko kawu ya zaunar da magana a gaban shaidu: ga abin da za a ba ni duk kasuwa, ga na abinci, bayan kaka a sake dubawa. Kuɗin ba su da yawa, amma an faɗe su da baki. Na san waɗanda suka yi shekara ana ce musu "za mu gani", har yau ana gani.

40/ In ba ka da kawun da zai yi maka wannan, kai ka yi da kanka, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ina so in san abin da ake so in iya nan da wata uku, da abin da za a riƙa ba ni kafin nan." Wanda wannan tambayar ta ɓata wa rai, ka riga ka ga yadda zaman zai kasance.

41/ Malam akawu ya ajiye aiki bara, idon ya ƙi. In na je gida nakan leƙa shi, har yanzu in wani tsohon bashi ya rikice, shi ake aika wa, daga kwance zai ce a duba shekarar da aka rufe boda, shafi na kusa da ƙarshe. Ina makaranta, don haka wani ƙanena ne ke kan bencin, ɗan aji biyar na sakandare. Na bar masa bayan littafin nan nawa, ya riga ya ƙara shafi huɗu da nasa.

42/ Masu tambaya a saƙo yadda na tsara shafin lissafin a waya: zan ɗora hotonsa gobe in sha Allahu bayan lakca, sunaye da lambobi a rufe. Akwai gurbin naira, akwai na sefa, akwai wani siriri a gefe na ɗige-ɗigen Malam.